Bukkar Caleta Mansa

Tsibirin Chaumo, Chiloé
Agusta, 1993

Zuwa ga ƙanena Belarmino Millalonco, Punta Arenas.

Mino, gaisuwa mai yawa. Ina fata takardar nan ta same ka a tsaye da ƙafafunka, ba a kwance da tarin nan naka ba. Mu nan lafiyar jiki dai akwai. Ruwan sama ya ƙi ɗaukewa, gwiwata ta dama ta kumbura, dankalin da na adana ya fara tsiro. Baƙar tunkiyar ta haifi biyu, ɗaya bai yi rai ba.

Bayan gaisuwa. Jiya da rana ina feraye dankali, rediyo a kunne ina jiran saƙonnin tsibirai, sai ga muryar mutumin nan, Don Gaspar Echenique. Dariya yake yi, Mino. Ɗan jaridar na ta lallaɓa shi, shi kuma yana ba da labarin yadda ya ga mutuwa ido da ido bara, wai teku ta koya masa tawali'u. Ka ji fa, tawali'u. Ya ce da ranin nan zai koma kudu ya ƙarasa abin da ya fara, zai zagaye ƙarshen ƙasa shi kaɗai a ɗan kwale-kwalensa na wasa. Wuƙa ta yanke ni a yatsa, sai da na ga jini a kan dankali na sani.

Ka san abin da ya faru, amma zan maimaita maka, don na lura ku maza ba ku da wuyar mantuwa. Ɗana Nibaldo ya bi ka kudu kamun ƙaguwa ne saboda a nan ba abin da saurayi zai yi sai kallon ruwa. Ba yawon shan iska ya je ba. Ranar guguwar Nuwamba injin jirginsu ya mutu, su uku, suka yi ta kira a rediyo. Jirgin ceto na gwamnati ɗaya ne a yankin, kuma ya fi kusa da su. Amma attajirin nan Don Gaspar ya danna 'yar na'urarsa ta neman ceto, waya ta yi ƙara a Santiago, sai jirgi ya juya. Aka bi shi da jirgi mai saukar ungulu. Aka tsamo shi, aka lulluɓe shi da bargo, aka ba shi shayi mai zafi, aka ɗauki hotonsa. Da aka waiwayi su Nibaldo, ko guntun katako ba a samu ba.

Man da jirgin nan ya sha, wa ya saya? Ni ce. Duk sukarin da na saya a kanti, duk kananzir, duk ƙullin ganyen shayinmu na mate, sai gwamnati ta yagi nata. Kai ma ba ka fita teku sai ka biya an buga maka hatimi. Shi kansa Nibaldo an cira daga ƙaguwarsa. Wato da guminsa aka sayi man da aka wuce shi da shi. Shi kuwa mai gonakin inabi, wanda ba wanda ya aike shi, ko peso ɗaya ba a karɓa a hannunsa ba.

Fada ya zo ran Lahadi, ya sake yi mini maganar kayan Nibaldo. Wai tunda teku ba ta dawo da gawa ba, mu sa rigarsa da hularsa a ɗan akwati mu binne kamar yadda ake yi, ko raina ya huta. Na ba shi shayi na sallame shi. Kayan suna nan a kan gadonsa, kuma ba inda za su je tukuna.

Abin da nake so da kai: mutumin nan dole ya biyo ta garinku. Ka bincika mini ta ina zai bi, da inda zai riƙa kwana. Kada ka tambaye ni dalili.

Na haɗo maka safa biyu da na saƙa. Ka sa su, ba ajiya na ba ka ba.

Yayarka,
Eduviges


Punta Arenas
Satumba, 1993

Yaya Eduviges,

Na karɓi takardarki da safa, na gode. Tarin yana nan, mun saba da juna. Ki riƙa gasa gwiwar nan da ruwan zafi, ki daina hawan tudu da buhu a kai kamar yarinya. Ƙaguwa bana ta yi mana rowa, masu sayenta kuma sun fi ta.

Ba sai na yi bincike ba, mutuminki da ƙafarsa ya zo. Makon jiya ya sauka garin nan da wani mai ɗaukar hoto, ya sa aka gasa raguna a bakin tashar jiragen ruwa, aka kira mu masu jirage. Na je. Ya shimfiɗa taswira a kan ganga yana ta tambaya. Abin da ya kawo shi bukkokinmu ne. Wani ya ba shi labari cewa a lungunan tekun nan inda ba kowa, masunta sun kakkafa bukkoki na sanduna da leda, kuma ba mai fita daga bukka sai ya bar busasshen itace da kwalbar ashana da ɗan gari da kitse saboda na baya. Abin ya burge shi ƙwarai, har da dafa ƙirji. Ya ce tunda haka ne bana ba zai yi lodin kaya ba, gara kwale-kwale ya yi sauƙi, zai riƙa sauka a bukkokinmu. Mutane suka yi ta nuna masa. Wadda ya fi dogara da ita ita ce ta Caleta Mansa, don daga ita ba wata mafaka sai an tsallake babban ruwa. A watan Maris yake sa ran isa can.

Can ya tambaya ko akwai dangin yaran da suka ɓata. Aka nuna ni. Ya kama hannuna da hannu biyu ya ce kullum suna ransa. Reinaldo ya kira shi, Yaya. Ban gyara masa ba.

To na san ki, kuma na san ba don ki aika masa da wainar dankali kike tambayar inda zai kwana ba. Ki saurare ni. Ni ma haushin nan yana cina. Mun yi taro a ƙungiyar masunta, kowa ya yarda cewa wanda ya shiga teku don a buga shi a jarida, ya kamata ya ajiye dukiyarsa jingina kafin ya fita, in an tsamo shi ya biya har bargon da aka rufa masa. Mun rubuta wa hukuma, har yau shiru. Amma biya daban, ceto daban. A teku ba ma tambayar mutum nauyin aljihunsa kafin mu jefa masa igiya. Ranar da aka fara zaɓen wanda za a ceta, ki tuna su wa za a fara bari. An riga an yi mana sau ɗaya, ba mu ne za mu mayar da shi al'ada ba.

Ki bar Fada ya binne kayan nan. Ba don Fada ba, don ke. Mace ita kaɗai a gida da rigar mamaci a kan gado, ba abin alheri ba ne.

Gobe in iska ta bari za mu fita, kuma za mu daɗe. In kin ji shiru, ina cikin lunguna ne.

Ƙaninki,
Belarmino


Tsibirin Chaumo
Oktoba, 1993

Belarmino,

Ina gaishe ka don uwarmu ta koya mini gaisuwa. Gwiwa da sauƙi. An gama shukar dankali, maƙwabta sun taya ni.

Wato ka ci namansa. Na karanta layin nan har na haddace shi. Aka gasa raguna, aka kira ku, ka je. Ka tsaya da maiƙo a baki, mutumin da aka bar ɗan 'yar'uwarka saboda shi ya riƙe maka hannu, ya kira yaron da sunan da ba nasa ba, kai kuma ka yi masa shiru don kada ka ɓata masa biki. Tir, Mino. Naman ya yi daɗi dai ko?

Sannan ka juyo kana yi mini wa'azi. Malamin makaranta ma ya yi mini irinsa, wai dokar teku ce. Mai kanti ya ce irin su Don Gaspar ne ke jawo baƙi masu kuɗi. Na ce masa in baƙin sun zo ya tambaye su ko sun ga ɗana a hanya. Kai kuma wai kada a fara zaɓen wanda za a ceta. An gama zaɓe, ƙanena. Tun kafin a haife mu aka gama shi. Takardarku ta ƙungiya kuwa, wani ya riga ya naɗe kifi da ita.

Bai ishe shi ya sha man gwamnati ba, yanzu itacen talakawa zai ƙona, garin talakawa zai ci. Itacen da mutum ya sara da jiƙaƙƙen hannu ya ajiye wa ɗan'uwansa mai neman abinci, shi zai ji ɗumi da shi ya rubuta a littafi cewa shi jarumi ne.

Ga abin da za ka yi. Kafin ya isa Caleta Mansa, ka je ka kwashe komai. Itace, ashana, gari, kitse. Ban ce ka taɓa shi ba. Ban ce ka huda masa kwale-kwale ba. Kayanmu ne, ka ɗauke kayanmu. Ya shigo a jiƙe, ya laluba ya ji wayam, ya zauna cikin sanyi yana kira ba mai amsawa. Ya ɗanɗana abin da Nibaldo ya ɗanɗana. In ya mutu, teku ce. In gwamnatinsa tana sonsa, ta kai masa wuta.

Kai ka zo gidan nan ka zauna a kan wannan benci ka ce in ba ka yaron, za ka kula da shi kamar ɗanka. Ban taɓa yi maka gori ba sai yau. Ka tafi da shi, ka dawo da jakarsa. Wannan kaɗai nake nema a wurinka. Kayansa ba za su shiga ƙasa ba sai na ji an yi, kuma in ba za ka yi ba, ka manta da hanyar tsibirin nan.

Eduviges


Tsibirin Chaumo
Janairu, 1994

Belarmino,

Ina fata kana da rai. Ni ina da shi. An yi Kirsimeti, an yi sabuwar shekara, na yanka kaza na ci ni kaɗai.

Jirgin wasiƙu ya zo ya koma, ya zo ya koma. Duk zuwansa sai na gangara bakin ruwa da gwiwar nan, yaran jirgi har sun daina kallona don kunya. Na gane amsarka. Wani da ya dawo daga kudu ya ce an ga masu jirage da sababbin rigunan ruwa ja, kyautar Don Gaspar. Ina fata taka ta yi maka daidai. Ashe kuɗinka bai wuce cinyar rago da riga ba.

An ce ya riga ya fara tafiya. Kowace safiya rediyo na faɗin inda ya kai, kamar wani sarki. Ranar da ɗana ya ɓata, tsakanin farashin kifi da sanarwar ɓatan saniya aka faɗi sunansa.

Zan faɗa maka abin da ban taɓa faɗa wa ko Fada ba. Akwai ranakun da nake tambayar Ubangiji me ya sa ba kai teku ta ɗauka ta bar mini shi ba.

Eduviges


Punta Arenas
Fabrairu, 1994

Yaya,

Lafiyata ƙalau. Takardunki biyu tare na same su a wurin matar gidan da nake haya, ranar da na dawo daga lunguna. Ai na gaya miki zan daɗe. Na karanta ta Oktoba, ban gama haɗiye ta ba na buɗe ta Janairu.

Ban ci naman ba. Na rubuta miki cewa na je, ban ce na ci ba. Riga kuma ba a ba ni ba, da an ba ni da na jefa ta a ruwa.

Tambayar da kike yi wa Ubangiji, ni na riga ki yi masa ita. Akwai abin da na ɓoye miki don tausayi, amma tunda ba tausayi tsakaninmu yanzu, ga shi. Ranar guguwar nan ina maƙale a wani lungu da nisa, ba halin fita, ina jin su a rediyo. Nibaldo ne ke riƙe da abin magana. Ya ce, "Kawu, ga fitilar jirgin, muna ganinta, sun zo." Har ina jin sauran suna ihun murna. Can ya ce, "Kawu, ta juya. Me ya sa ta juya?" Daga nan ban sake jin sa ba.

Na je Caleta Mansa. Na kwashe. Ko tsinke ban bari ba. Da zarar ya wuce, a raye ko a mace, zan koma in mayar da komai yadda yake kafin masu nutso neman bushiyar teku su fara fita.

Kada ki sake rubuto mini a kan wannan magana.

Belarmino


Tsibirin Chaumo
Ƙarshen Maris, 1994

Mino ƙanena, ɗan uwata,

Gaisuwa da babbar murya. Ina fata tarin ya sake ka. Ni kam gwiwa ta warke, ko kuma na daina jin ta. Dankali ya yi kyau bana, na ware maka buhu na ja ɗin nan da kake so.

Ka ce kada in sake rubutowa, amma ka yi haƙuri, bakina ba zai rufu ba. Na ji a rediyo. Guguwa ta kora shi Caleta Mansa a jiƙe sharkaf, ya tarar da bukka wayam. Wai sai da ya kwana biyu yana karkarwa kafin iska ta bar jirgi mai saukar ungulu ya sauka. An yanke masa yatsu a hannun dama. Da suka sa shi magana daga asibiti, ba dariya, Mino. Murya na rawa kamar ta tsohuwa. Ya ce ya yi ta kira yana ganin ba mai zuwa. Na ƙara murya har ƙarshe, na tsaya a tsakar ɗaki ina saurare, na ce to, yanzu ka san sunansa.

Ba zan yi maka ƙarya ba, na so a ce ya wuce haka. Kuma ka ga dai maganata: an sake tashin jirgi saboda shi, an sake ƙona manmu, ba wanda ya ce masa ya biya. Amma duk cokalin da zai ɗauka har ya mutu sai ya tuna da kudu. Wannan ya ishe ni kwana.

Ran Lahadi mun binne kayan Nibaldo. Rigar ulu, da hula, da takalmansa na ƙwallo. An cika maƙabarta. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ranar, na dawo gida na yi barci har rana ta fito.

Maganar da na faɗa maka a Janairu, zafin rai ne, ka zubar da ita. Kai namiji ne, ɗan babanmu. In ya sake marmarin dawowa da sauran yatsun, ka kwashe masa duk bukkokin har ƙarshen ƙasa. Ka zo gida da hunturu, ɗakinka yana nan a share.

Yayarka mai alfahari da kai,
Eduviges


Punta Arenas
Ƙarshen Maris, 1994

Yaya,

Ban san yadda zan gaishe ki ba. Jikina lafiya. Ki zauna kafin ki ci gaba.

Kin ji an ɗauke Don Gaspar, na sani. Ranar da aka kawo shi asibiti na loda itace a jirgina, na sayi gari da kitse, zan koma in mayar. Sai iska ta taso, aka rufe tasha, ba shiga ba fita. Na zauna ina kallon itacen nan a kan jirgi ina ce wa kaina ba komai, masu nutso ba su fara fita ba tukuna. Ashe wasu sun riga sun fita, don su kama wuri mai bushiyar teku kafin jama'a.

Da aka buɗe tasha ban tsaya ko'ina ba. Ina shiga bakin Caleta Mansa na hango jirgi a kife a kan duwatsu. Su uku ne. Igiyar ruwa ta kifar da su a mashiga, suka yi iyo suka fito, suka ja jiki zuwa bukka, don sun san akwai wuta a ciki. Kowa ya san akwai wuta a Caleta Mansa.

Rashin itace ba shi ya yi kisa ba, da sun karya sandunan bukka sun ƙona. Ashana ce. Kin tuna abin da babanmu ya koya mana: ban da kwalbar da ke rataye, kowace bukka tana da ta biyu, a binne a ƙarƙashin dutsen murhu, saboda ranar da ta farko ta jiƙe ko wani ɗan iska ya sace. Ba a gaya wa baƙo wannan. Ranar gashin ragunan nan, duk surutun da aka yi, ba wanda ya gaya wa Don Gaspar. Ko shekara zai yi a bukkar ba zai san da ita ba. Ba ki ce in ɗauke ta ba. Ba ta da amfani ga abin da muka shirya. Amma ranar ina cikin fushi, muryar Nibaldo na kunnena, hannuna ya tafi ƙarƙashin dutsen da kansa.

Na tarar sun ɗaga dutsen. Sun tona wurin da yatsu, sun faɗaɗa ramin, sun tona gefe da gefe, suna ganin ko sun yi kuskuren wuri ne. Biyu suna sanye da rigar nutso, ita ta riƙe su. Na ukun shi ne mai kula da tiyon da ke tura musu iska daga kan jirgi, rigar ulu ce kawai a jikinsa. Sun sa shi a tsakiya sun rungume shi, amma bai kai ba. Jikinsa bai gama sandarewa ba da na iso.

Artemio Chiguay ne, Yaya. Ɗan Doña Clorinda ta bayan tsibirinmu, wadda ke kike rubuta mata wasiƙun da take aiko masa. Ajinsu ɗaya da Nibaldo.

Da ashanar kwalbar nan na hura musu wuta, tana cikin jirgina tun Fabrairu. Ɗayansu ya kama hannuna yana sumbata yana cewa Allah ne ya aiko ni. Na kira a rediyo, aka ce jirgin ceto yana gyara, tunda akwai mai jirgi a wurin in taho da su. Ba wanda ya tashi jirgin sama. Ni na ɗauko Artemio, na rufe shi da tamfol a kan itacen da na kai.

A tasha yanzu sai nuna ni ake yi, wai jarumi. Ƙungiya za ta aiko da gawar gida. Ni ba zan iya rako ta ba.

Belarmino


Tsibirin Chaumo
Mayu, 1994

Mino,

Ina gaishe ka. Ban san halin da kake ciki ba, ina roƙon Budurwa Maryamu ta riƙe ka. Ni ina ci ina sha, ban san ɗanɗanon komai ba.

Takardarka da tawa sun yi saɓani a hanya. Wato lokacin da nake ware maka buhun dankali ina kiran ka namiji, kai kana rufe yaron mutane da tamfol. In ba ka ƙona waccan takarda ba, ka ƙona ta.

Gawa ta iso. Ka san ni ke jan addu'a a tsibirin nan in Fada ba ya nan, don haka ni na ja ta Artemio, tun daga ranar farko har ta tara. Na durƙusa a gaban akwatinsa ina roƙa masa hutawa, jama'a na amsawa. Uwarsa ba ta yi kuka ba. Na san wannan fuska, na gan ta a madubina.

Kada ka ɗauka na yafe wa Don Gaspar. An ce yana Santiago yana tara mutane a otal yana nuna musu hannunsa, suna tafa masa. Shi ko ina ya faɗi akwai mai ɗaga shi, da kuɗinmu. Ni na auna shi, na sami ɗan Clorinda. Wannan ma ina ɗora masa, duk da na san ba zai hau ba.

A gidan makoki maza suka yi ta cewa attajirin ne ya ƙone itacen ya cinye garin bai mayar ba. Har na fara jin sanyi a raina. Sai Clorinda ta ɗago kai ta ce a'a. Ta ce mutumin da ya ƙona itace ba ya rasa yatsu. Ta ce abokan Artemio sun gaya mata ba komai a ƙarƙashin dutse, kuma ɗan Santiago bai san dutse ba. Ɗan gida ne, in ji ta, wanda uwarsa ta haife shi a bakin ruwa irin namu. 

Yau da hantsi ta tako tun daga bayan tsibiri, ta kawo mini ƙwai da busasshen kifi, ta ce in rubuta maka. Tana zaune a gabana yanzu. Ba ta iya karatu ba, ba ta san duk abin da ke sama ba, tana ganin gaisuwa ce ta yi tsawo. Ga nata, yadda ta faɗa:

"Don Belarmino, Allah ya saka maka da ka ɗauko mini ɗana, ba ka bar shi tsuntsaye sun ci ba. Ba ni da kowa a kudu sai kai. Kai ka san kowane jirgi da kowane lungu. Ka samo mini sunan wanda ya ɗaga dutsen nan. Ba hukuma zan kai shi ba, hukuma ba tamu ba ce. Ina da 'ya'ya maza biyu da suka rage, sun san abin da za su yi. Ko shekara nawa zai ɗauka, ina jira. Eduviges ta san abin da nake ji, ita ma uwa ce."

Ta sa na karanta mata, ta ce ya yi. Ta dangwala yatsa a tawada, ga shi nan a ƙasa.

Kada ka zo da hunturu. Ta ce duk ranar da jirgin wasiƙu ya iso za ta riƙa zuwa mu gangara bakin ruwa tare, in buɗe amsarka a gabanta in karanta mata da bakina.

Mino, me zan karanta mata?

Yayarka,
Eduviges